Hoton Wa Za A Sa A Bango? Jan Hankali Ga Ɗalibai Masu Haɗa Mujalla

A wannan makon na ɗan jingine labarin da muke kai, ku yi mani haƙuri, saboda akwai wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta mujallun da ɗaliban koyon aikin jarida ke haɗawa a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha a matsayin aikin kwas, wato a raba su rukuni-rukuni, a ce kowane rukuni ya nemo labarai, ya ɗauko hotuna, ya tsara shafuka, ya buga, ya kawo a ba shi maki. Ni dai a nawa ra'ayin babu wani aiki da ake ba ɗalibin jarida da ya kai wannan amfani. Haka kuma babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa.

Na san wani zai ce, to kai marubucin littattafan soyayya da iyakarka sakandare, me ya kai ka tsoma baki a harkar 'yan jami'a? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma gajera ce. Mu da aka laƙaba wa sunan 'yan Adabin Kasuwar Kano da kuɗin aljihunmu muka koyi abin da ake kira bango. Malami yana iya ba ɗalibi maki 60 ko 70 a wuce wurin, amma mai karatun da ta tsaya gaban shagon littattafai a Sabon Gari ba ta ba da maki, ko dai ta buɗe jaka ta biya ko ta ajiye ta ɗauki na kusa da shi. Wanda ya shekara da shekaru yana jiran wannan hukuncin, ai ya samu bakin magana.

Bari in fara da abin da ake gani da zarar an buɗe irin waɗannan mujallu. Na duba da dama daga cikinsu, domin 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta kan kawo mani in gani, kuma kusan duk kanwar ja ce. Shafin farko hoton gwamna. Na biyu shugaban makaranta. Na uku shugaban tsangaya da shugaban sashe. Na huɗu malamin da ya ba da aikin, an sa shi cikin zanen fure kamar katin ɗaurin aure. Sannan wani Alhaji da ya taimaka da kuɗin bugu, sannan 'yan rukunin su kansu, kowa da hotonsa da muƙaminsa, har da mataimakin mataimakin edita. Kafin ka isa labarin farko ka cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na mujallar. Don Allah jama'a, wannan mujalla ce ko kalanda? Idan yaro ya koyi cewa shafukan gaba na masu mulki ne da masu kuɗi tun yana aji biyu, ranar da ya zama edita kada a yi mamakin abin da zai yi da shafin farko na jarida. Godiya tana da wurinta: ɗan akwati guda a shafin ciki, a jera sunaye, shi ke nan.

Amma babbar damuwata tana kan bango, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Waɗanda suka tashi da littattafanmu sun san tarihin bangonmu. Na farko-farko, irin na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka fito, akasari zane ne na hannu. Mai zane zai zauna a ba shi labarin a taƙaice, ya fitar da yarinya da saurayi, ko kishiyoyi biyu, ko mota a ƙofar gida. Wani zanen ma hannun mutum ya fi ƙafarsa tsawo, amma dai na labarin ne, kuma ba fuskar 'yar kowa ba ce. Daga baya kwamfuta ta shigo, sai fuskokin 'yan fim ɗin Indiya suka mamaye bangon, sannan na 'yan fim ɗin Hausa, sannan aka koma kwaso duk fuskar da aka tsinta a intanet. Sau da yawa ma marubuci ba ya da ta cewa, ɗan kasuwar da ya sayi littafin shi ke zaɓar hoton da yake ganin zai ja ido. Ni kaina akwai littafina da sai a kan teburin mai sayarwa na fara ganin bangonsa, aka liƙa wata fara sol mai gashi har baya, alhali jarumar labarin baƙa ce 'yar ƙauye da ba ta taɓa fita ba lulluɓi ba. Da na yi magana aka ce mani, “Malam, ai shi ke sayarwa.”

To, shi ke sayarwa, amma shi ne kuma ya ja mana. Lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a shekarar 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da kuma takun-saƙar da ta biyo baya tsakanin marubuta da Hukumar Tace Fina-finai a 2008, ni ina da yaƙinin da yawa daga masu tsine mana a gari ba su taɓa wuce bangon ba. Uba zai ga littafi a ƙarƙashin matashin 'yarsa, ya dubi hoton, ya yanke hukunci a kan shafi 120 da bai karanta ba. Bango alkawari ne da kake yi wa mai karatu game da abin da ke ciki, shi ne kuma shaidar farko da za a kafa a kanka.

Yanzu ku dubi abin da ɗalibai ke yi. Za a zauna taron rukuni, a ce wa za a sa a bango? Ba a tambayar mene ne babban labarinmu, a'a, sai dai wace ce ta fi kyau a aji. A lallaɓa ta, a kai ta situdiyo ko gindin wata bishiya a cikin makaranta, a ɗauke ta, sannan mai kwamfuta ya sa Photoshop ya wanke ta tas har ta fi yadda Allah Ya yi ta fari, ya goge ɗan tabon da ke kumatunta, ya rage mata hanci. Sai ka buɗe ciki ka tarar babban labarin a kan ƙarancin ruwa ne a ɗakunan kwanan ɗalibai. Mece ce alaƙar? Babu. Abin dariyar ma, wata mujallar da na gani akwai maƙala a ciki mai yin tir da shafe-shafen man bilicin, ga kuma bangon an yi wa yarinya bilicin da kwamfuta.

Wannan ɓangaren ado ke nan. Akwai ɓangaren da ya fi shi nauyi. Ita yarinyar da ta yarda, me aka gaya mata? An ce mata kofi 20 ko 50 za a buga, malami ya gani, a ajiye a sashe. Ba wanda ya ce mata a daren da aka gama tsara bangon ɗaya daga cikin samarin rukunin zai ɗora shi a Facebook da Instagram don a yaba masa. Daga nan hoton ya bar hannun kowa. Gobe sai a gan shi a bangon wani littafin batsa da ake rabawa a WhatsApp, ko a shafin masu tallar maganin mata, ko wani ɗan damfara ya buɗe shafi da shi da sunan wata Hajiya mai neman miji. Yanzu kuma da fasahar ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana iya ɗaukar fuskar nan a ɗora ta a jikin da ba nata ba. Mu a nan ƙasar mun ga abin da bidiyon waya guda ya yi wa masana'antar fim gaba ɗayanta a 2007, tun lokacin da ake turawa ta Bluetooth. Kuma mun san al'ummarmu: ranar da dangin mai neman aurenta suka fita bincike, ba wanda zai tsaya jin bayanin cewa aikin kwas ne. Samarin rukunin sun ci makinsu sun tafi bautar ƙasa, ita aka bari da jangwam.

Ba cewa nake kada a sa mace a bango ba, kada a juya mani magana. Idan labarin na ɗaliba ce da ke ɗinki da dare tana biya wa kanta kuɗin makaranta, ai ita ta cancanci bangon, a gaban kekenta, da zare a hannu. Abin da nake cewa shi ne a sa ta saboda labarinta, a kuma gaya mata gaskiyar inda hoton zai je. A rubuta a takarda: kofi nawa za a buga, za a ɗora a intanet ko ba za a ɗora ba, wa zai riƙe asalin hoton. Ta karanta, ta je gida ta yi shawara da iyayenta ko mijinta idan tana so, ta dawo ta sa hannu. Idan ta ce a'a, a'a ɗin ta zauna, ba a bi ta da gorin cewa ta ja wa rukuni faɗuwa. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma hoton da za a gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Ɗalibin jarida ne ya fi kowa cancantar ya san haka.

Akwai kuma waɗanda ba a ma tambayarsu. Duk mujallar ɗalibai da ta so ta nuna tana da tausayi, sai ka ga hoton almajiri da roba a hannu, ko tsohuwa mai bara a bakin danja, ko mai taɓin hankali a kan bola. An tsaya daga nesa an ɗauke su kamar ana ɗaukar tsuntsu. Ku lura da abin: mai kuɗi sai ya biya ake sa hotonsa, talaka kuwa ko sallama ba a yi masa. Yaron nan yana da suna, yana da malami, yana da iyaye a wani gari. Idan har labarin almajiranci za ku yi, ku je tsangayar, ku gaida malam, ku zauna a tabarma, ku faɗi abin da ya kawo ku. Za ku fito da labarin da ya fi wanda kuka tafi nema, kuma wataƙila hoton da zai fi magana ba fuskar yaron ba ce, allonsa ne da tawada, ko wutar kiskadi da asuba.

Wannan ya kawo ni kan tambayar me ya sa ma ake ta kwaso hotuna daga intanet. Ka buɗe shafin girke-girke ka ga hannun Baturiya tana yanka wani ganye da ba a sayar da shi a 'Yankaba. Ka buɗe shafin lafiya ka ga likita mai jan kunne a asibitin da ko a mafarki ba mu da irinsa. Ban da cewa hotunan nan suna da masu su, kuma akwai dokar haƙƙin mallaka da ta hana ɗaukar kayan wani ba izini, abin kunya ne ga wanda ke zaune a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Katsina ya ce ya rasa abin ɗauka. Ga marinar Ƙofar Mata. Ga majema. Ga maƙera da dukawa a Kasuwar Kurmi. Ga buhunan hatsi a Dawanau an jera su kamar ganuwa, ga ita ganuwar ta gaske tana zaizayewa ana gini a kanta, ga kududdufan da ake cikewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda nan da shekara 20 hoto ne kawai zai shaida sun taɓa wanzuwa. Hawan Sallar Kano ma da muke gani kamar ba komai ba, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Wata Ba'amurkiya mai suna Glenna Gordon ta taso tun daga ƙasarsu ta zo Kano ta ɗauki hotunan marubutanmu mata a ɗakunansu, da littattafan rubutunsu da bukukuwansu, ta fitar da littafin hotuna sukutum mai suna Diagram of the Heart a 2016. Abin da ta keto teku ta zo nema, shi 'ya'yanmu ke tsallakewa kullum a hanyar zuwa lacca.

Kuma kada wani ya fake da rashin babbar kyamara. Wayar da ke hannun yawancin ɗalibai yau ta fi kyamarorin da aka yi mujallun fim na farko da su. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fara fita a 1998, Fim ta Ibrahim Sheme a watan Maris na 1999, zamanin da sai an sayi fim an ɗura a kyamara, a ɗauki guda 36, a kai wanki, sannan a san ko ya yi ko bai yi ba. Abin da ake buƙata sanin haske ne da haƙuri. Ranarmu ta tsaka mai zafi ce, tana zuba inuwa a kwarmin ido, ta mai da fuskar baƙin mutum duhu, musamman idan ya sa farar shadda, domin kyamara farin take bi ta manta da fuskar. Ku fita da hantsi ko bayan la'asar. Idan dole sai da rana, ku ja mutumin zuwa bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, hasken ya zo masa ta gefe. Lokacin hunturu hazo na cinye launi, amma yana ba da wani irin taushi da ba a samu a sauran shekara. Ku matsa kusa da ƙafarku maimakon jawo hoto da yatsa, wanda ke farfasa shi. Ku bar mutum ya ci gaba da aikinsa har ya manta da ku, kada ku ce masa ya tsaya ƙiƙam kamar za a yi masa fasfo. Idan kuma na bango ne, ku ɗauka a tsaye, ku bar fili a sama inda sunan mujalla zai zauna, don kada harafi ya hau kan hular mutum.

Sai kuma wani abu ƙarami da ke kashe aiki babba. An sha wahala an ɗauko hoto mai kyau, sai a tura wa mai tsara shafi ta WhatsApp yadda aka saba tura hoton biki. Manhajar kan matse shi ta rage masa nauyi, a waya ka gan shi garau, a takarda ya fito dishi-dishi kamar an leƙa ta gilashin da ya yi ƙura. Masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci. A tura shi a matsayin fayil, ko a kwafe shi kai tsaye daga wayar. Haka ma launi: allon waya da na kwamfuta da haske uku suke aiki, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shuɗi-shuɗi da ja mai ruwan hoda da ruwan ɗorawa da baƙi. Shi ya sa koren nan mai ƙyalli da ya burge ku a allo yake fitowa kamar miyar kuka. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen injin Kord yana kallon takarda na shiga sau huɗu, kowane zagaye da launinsa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Shi ya sa nake ganin bai kamata a karɓi mujallar rukunin da bai taɓa taka ƙafarsa cikin maɗaba'a ba.

A nan ne kuma gizo ke saƙar. Gaskiyar da kowa ya sani amma ba a faɗa ita ce, yawancin mujallun nan ba ɗalibai ke tsara su ba. Ana yin karo-karo, mutum biyu su kwashi takardu su kai wa wani yaro a shagon kwamfuta, shi kuma ya buɗo tsohon aikin da ya yi wa rukunin bara a CorelDraw, ya canza suna da hotuna, ya miƙo. Na zamani kuma su shiga Canva su ɗauko shiryayyen tsari su cusa rubutu. Sauran mutum goma sha na rukunin iyakar aikinsu biyan kuɗi da kawo hoton fasfo. A ƙarshe rukunin da ya fi 'ya'yan masu hali shi zai buga a takarda mai sheƙi mai kauri, bango har da leda, ya kwashe maki. Wato aljihun iyaye aka auna. Yaron shagon kwamfuta, wanda wataƙila ko sakandare bai gama ba, shi ya ci jarabawar, wasu suka karɓi sakamakon.

Malamaina, da girmamawa nake wannan magana, na san ɗalibai sun yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan, albashi kuma ba ya kai wata. Amma akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. A daina ba da maki a kan sheƙin takarda. A ce kowa ya buga a takarda iri ɗaya, ko da fari da baƙi ne in ban da bango. A nemi kowane rukuni ya kawo zanen gwajin da ya yi da fensir kafin ya taɓa kwamfuta: a ninke fararen takardu, a rubuta abin da zai zauna a kowane shafi. A nan ne yaro zai gano da kansa cewa mujallar da ake ɗinkewa da ƙusa a tsakiya dole shafukanta su tafi huɗu-huɗu, 16 ko 20 ko 24, ba a yin 22, kuma shafi biyu na tsakiya su ne kawai takarda guda shimfiɗaɗɗa, don haka nan ne gidan babban hoto. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta wane ne, a ina, yaushe, wa ya ɗauka. Ranar karɓar aiki kuma a kira ɗalibi ɗaya ba zaɓe, a zaunar da shi gaban kwamfuta, a ce ya matsar da wannan kanun labarin ya rage wancan hoton. Minti biyar ya isa a san wanda ya yi aiki.

Shi tsara shafi ba ya son hayaniya. Za ka ga shafi guda da salon harafi shida, kanu ja, rubutu kore a kan hoto mai ruwan ɗorawa, an zagaye da furanni, har idonka ya rasa ƙofar shiga. Salo biyu sun isa mujalla, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. A raba shafi gida biyu ko uku a tsaye, a bar gefe ya sha iska, hoto ɗaya ya zama babba sauran su bi bayansa. Farin wuri a shafi ba asara ba ne. Mu da muka saba cusa rubutu har bakin takarda don tsadar rim mun san yadda masu karatunmu ke ƙorafin ciwon ido.

Saura maganar harshe, wadda na san za ta sosa wa wasu rai. Me ya hana a yi mujallun nan da Hausa, ko aƙalla rabi da rabi? Ɗalibi zai je kasuwa ya yi hira da mai rini da Hausa, ya dawo ya juya ta zuwa wani Turanci mai ɗingishi, ya buga abin da shi mai rinin ba zai iya karantawa ba, Baturen ma ba zai gane ba. Hujjar da ake kawowa ita ce wai aiki na Turanci ne. Wane aikin? Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, na Jamus tun 1963, Faransa ta buɗe nata a 2007, Turkiyya ma ta shigo. Ga Aminiya da Leadership Hausa, ga Freedom Radio da ta fara a 2003 da tarin gidajen rediyon da suka biyo bayanta, ga Arewa24 tun 2014. Yaran nan da yawansu da Hausa za su ci abinci, amma ana yaye su ba su taɓa rubuta kanun labari guda da ita ba. Aikin jarida da Hausa ba baƙo ba ne da za a ce ana gwaji. Abubakar Imam ya fara shi a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun watan Janairun 1939.

Idan kuma za a yi da Hausar, to a yi ta da ƙugiyoyinta. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zauna ya ƙera salon haruffa na musamman, Rabi'at da Abdalla, kafin mu samu ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta, kuma idan ka kai aikinka injin da ba a sa su ba sai ka ga tarkace. Yau kuwa allon rubutun waya ma yana da Hausa, akwai kuma salon haruffa na kyauta irin su Noto da Charis da ke ɗauke da su. Matsalar da ta rage ita ce yawancin haruffan ado da ɗalibai ke so don kanu ba su da ƙugiya, sai ka ga an buga kalma da ɗan akwati a tsakiyarta, ko a cire ƙugiyar gaba ɗaya. “Ƙura ta addabi 'yan kasuwa” daban, “Kura ta addabi 'yan kasuwa” daban. Na farko labarin hunturu ne, na biyu kuwa sai a kira mafarauta. Kafin ku ƙaunaci wani salon harafi, ku rubuta “ɓarawo ya ɗauke ƙwarya” da shi ku gani.

Wasu kuma na cewa duk wannan ɓata lokaci ne, takarda ta mutu, a bar yara su yi shafin intanet. Ba na musun cewa kasuwa ta canza, mu ta fara dukanmu. Masu karatunmu sun koma waya, shagunan haya na unguwa sun rufe. Amma intanet ɗin ma ba ta da alkawari. OkadaBooks da marubuta da yawa suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023, alhali kofin Ruwan Bagaja da kakanka ya saya yana nan a adaka. Ban da haka, takarda na koyar da abu biyu da allo ba ya koyarwa. Na ɗaya iyaka: shafi ya cika ya cika, dole ka zaɓi jimlar da za ta tafi. Na biyu, abin da ka buga ya bugu. Idan ka rubuta sunan mutum ba daidai ba, ko ka liƙa wa hoton wani sunan wani, babu maɓallin gyara, sai dai ka je ka ba da haƙuri da bakinka. Ɗan jaridar da ya taɓa jin wannan tsoron sau ɗaya, ko a intanet ya koma aiki zai riƙa duba abu sau biyu.

Abin takaicin shi ne inda mujallun ke ƙarewa. Bayan an ba da maki sai a tara su a kusurwar ofis, ƙura da gara su raba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kofi uku a ajiye; ko ba a kai can ba, me zai hana kowane sashe ya ware kanta guda a jera na kowace shekara, 'yan aji na ƙasa su ga abin da na gaba suka yi, su san inda za su ɗara? A kai kofi ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke Kano, ko na jihar da makarantar take. Sannan a cikin kuɗin bugu a lissafa da kofin mutanen da aka ɗauka. Mai rinin da ya bar aikinsa ya ba ku awa guda, da malamin tsangayar da ya shimfiɗa maku tabarma, da mai ɗinkin da ke bango, a koma a kai wa kowannensu nasa har inda aka same shi, a buɗe masa shafin, idan ba ya karatun boko a karanta masa abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.